Mujallar Ilimi a Intanet: Tambayoyi da Amsoshi kan Girmanta da Masu Karanta Ta

Waɗannan su ne tambayoyin da malaman jami'a da na kwalejojin ilimi, da ɗaliban digiri na biyu da na uku, da sakatarorin mujallu a nan Kano suka fi yi game da mujallun harshe, adabi, tarihi, addini da al'ada da ake ɗorawa a intanet.

Me ake nufi idan aka ce mujalla tana girma?

Yawancin mutane ƙidayar muƙalu suke yi. Bara muƙala 12 a fitowa guda, bana 45, sai a ce mujalla ta bunƙasa. Wannan kumburi ne, ba girma ba, kuma galibi yana zuwa ne gab da lokacin da ake tattara takardun ƙarin girma. Mujallar da take girma da gaske ana gane ta da abubuwa huɗu: tana fitowa a watan da ta yi alƙawari, marubutanta sun wuce mutanen sashen da ya kafa ta, wanda bai taɓa jin sunanta ba yana iya cin karo da muƙalarta a wajen bincike, sannan waɗanda ba su san editocinta ba suna kafa hujja da ita. Na farkon shi ne uwa. Mujallar da ta ce Yuni da Disamba, amma fitowar Yuni sai Maris na gaba, nan da nan marubutan kirki suke janye jiki, domin ba wanda zai so aikinsa ya kwana wata tara a hannun edita.

Kano ta daɗe tana da mujallu na takarda. Me intanet ta ƙara?

Gaskiya ne. Harsunan Nijeriya ta Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya, da Kano Studies, da Algaita ta Sashen Harsunan Nijeriya, da mujallar Tsangayar Fasaha da Nazarin Addinin Musulunci, duk a Jami'ar Bayero, sun ɗauki nauyin ilimi mai yawa. Matsalar takarda ita ce ba ta tafiya. Kwafin da aka buga kan ƙare ne a hannun marubuta, da kantar ofishin shugaban sashe, da ɗakin karatu ɗaya ko biyu. Ɗalibin da ke Damagaram ko Yamai, ko malamin da ke koyar da Hausa a Ingila, Jamus, Faransa, Masar ko Sin, sai ya san wani a Kano kafin ya ga shafi guda. Abin da intanet ta cire ke nan. Ba ta gyara raunin muƙala, sai ma ta ƙara fito da shi fili.

Me ya kamata a tanada kafin a buɗe shafin mujalla?

Da farko lambar ISSN, wato lambar shaidar mujalla ta duniya, mai lambobi 8, wadda ake nema daga Ɗakin Karatu na Ƙasa. Bugun intanet yana da tasa lambar dabam da ta bugun takarda, ba a haɗa su. Na biyu adireshin shafi. Ya fi kyau ya kasance a ƙarƙashin adireshin jami'a ko kwaleji, idan kuma ƙungiya ce mai mujallar a yi rajistarsa da sunan ƙungiyar, da imel ɗin ƙungiyar, ba na wani malami ko yaron da ya gina shafin ba.

Na uku manhaja. Wadda ta fi dacewa ita ce OJS, kyauta ce, ta fito daga shirin PKP da aka kafa a Kanada a 1998. Ita ke karɓar muƙala, ta tura wa masu tantancewa, ta adana tarihin gyare-gyare, ta ba kowace muƙala shafinta. Kafin a sanar da jama'a, a gwada saƙonnin imel ɗinta. Wurin da aka fi tuntuɓe ke nan: marubuci ya turo aiki, manhaja ta ce ta sanar da edita, alhali saƙon bai fita ba don ba a saita hanyar aika imel daidai ba, ko ya faɗa kwandon shara. Sai a yi wata biyu kowa na jiran kowa.

Na huɗu, a rubuta ƙa'idoji a fili: fagen mujallar, yadda ake tantancewa, kuɗin da ake biya idan akwai, hukuncin satar fasaha, salon manazarta, da lasisin da ake sakin muƙalu a kansa, kamar CC BY, wanda ke ba kowa damar amfani da muƙala muddin ya ambaci marubucinta. Sunayen 'yan kwamitin editoci su zo da wuraren aikinsu, kuma a tabbatar kowannensu ya san an sa sunansa.

Su wa suke karanta irin wannan mujalla?

Editoci kan yi zaton farfesoshi ne. Mafi yawa dai ɗalibai ne: na shekarar ƙarshe da ke rubuta kundi, da na digiri na biyu da ke neman abin sakawa a babin bitar ayyukan da suka gabata. Bayan su akwai malaman sakandare, da ma'aikatan gidajen rediyo masu shirya shirye-shiryen al'ada, da marubutan littattafai, da masu nazarin Hausa a ƙasashen waje. Waɗannan na ƙarshe ba su da yawa, amma su ne suka fi kai sunan mujalla cikin manazartar manyan littattafai.

Sanin haka yana canza yadda ake tsara shafi. Ɗalibin nan a waya yake karatu, da data da ya saya da kuɗin abincinsa. Don haka rubutu ya zama shafi mai layi guda, ba mai rabe biyu ba. Fayil ɗin muƙalar da ba ta da hotuna kada ya kai megabayit 1. Kada a tilasta wa kowa yin rajista kafin ya sauke. Kowane mataki da aka ƙara tsakanin mai karatu da muƙala, wasu a nan za su juya.

Karatun kuma yana da kaka da rani. Yakan tashi lokacin rubuta kundi, ya sauka a hutu. Idan aka ga alƙaluman shekarar 2020 ko 2022 sun sha bamban da na sauran shekaru, a tuna da dogon yajin aikin malaman jami'a. Na 2022 kaɗai wata takwas ya ɗauka, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Shi ya sa ba a gwada wata da watan da ke bayansa, sai dai a gwada zangon karatu da takwaransa na bara.

Idan shafi ya nuna an sauke muƙala sau 900, mutum 900 ne suka karanta?

A'a. A cikin wannan adadi akwai manhajojin da ke yawo suna kwasar bayanai ba mutum a bayansu, akwai wanda ya danna sau uku don sabis ya yi rauni, akwai marubucin da kansa da yake leƙowa kullum. Ƙa'idar ƙidaya ta COUNTER an yi ta ne don rage wannan: ana cire manhajojin da aka sani, kuma idan mutum ɗaya ya danna abu ɗaya sau biyu cikin daƙiƙa 30, ɗaya ake ƙirgawa. OJS tana bin wannan ƙa'ida idan an saita ta daidai, amma ƙaramin ma'aunin nan da ake liƙawa a ƙasan shafi yana juyawa duk lokacin da aka buɗe, ba ya bin komai. A daina sa shi cikin rahoton shekara.

Akwai kuma kuskure ta ɗaya ɓangaren. Wakilin aji ya sauke muƙala sau ɗaya ya jefa a zauren WhatsApp mai mutum 200, ko mai shagon hoton takardu a bakin ƙofar makaranta ya buga kwafi 50: shafi ɗaya kawai ya ƙirga. A Kano wannan ba ƙaramin abu ba ne. Saboda haka ne ya wajaba sunan mujalla, kundi, fitowa, shekara, lambar shafi da adireshin muƙalar su kasance a shafin farko na fayil ɗin kansa, domin duk inda ya je ya tafi da shaidarsa.

Abin da ya fi amfani a duba shi ne bambanci tsakanin buɗe shafin tsakure da sauke cikakkiyar muƙala. Idan ana buɗe tsakure da yawa ba a saukewa, ko dai tsakuren bai faɗi abin da aka gano ba, ko mahaɗin saukewa ya lalace. Sai kuma a duba daga ina mutane suke shigowa, da ƙasashen da suke, da muƙalun da ake ci gaba da nema shekara uku bayan fitowarsu.

Mun ɗora fitowa uku amma ba ma ganin muƙalunmu a Google Scholar. Me ya faru?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace yawa, kuma dalilan sanannu ne. Na farko, an ɗora fitowa gaba ɗaya a fayil guda mai shafi 300. Google Scholar, shafin neman ayyukan bincike na ilimi, tun da aka buɗe shi a 2004, muƙala yake nema, ba kundi ba; kowace sai ta sami nata shafin da nata fayil ɗin. Na biyu, fayil ɗin hoto ne, ba rubutu ba. Gwajin mai sauƙi ne: a buɗe shi a yi ƙoƙarin kwafo jimla ɗaya, idan ba ta kwafuwa, na'ura ma ba ta iya karanta ta. Na uku, girma: ƙa'idarsu ta ce fayil kada ya wuce megabayit 5. Na huɗu, bayanan da ke ɓoye a bayan shafi, wato take, sunan marubuci, shekara da mahaɗin fayil. OJS tana da ɗan abin da ke fitar da su kai tsaye, amma sai an kunna shi, kuma sai an cike guraben daidai.

Cike guraben nan shi ne aikin da ake rainawa. Ana zuba "Farfesa" ko "Dakta" ko "Malam" a gurbin suna, sai na'ura ta ɗauka sunan mutum ne. Ana juya sunan yanka da na mahaifi. Ana sa ranar da aka ɗora a matsayin ranar bugawa, sai muƙalar 2009 ta fito a matsayin ta bana. Marubuci ɗaya ya zama Muhammad a nan, Mohammed a can, Muh'd a wata fitowar, sai aikinsa ya rabu gida uku. Maganin wannan na ƙarshe shi ne kowane marubuci ya buɗe lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, kyauta ce, tana nan tun 2012, a riƙa karɓar ta tare da muƙala.

A kula tun farko, domin gyara yana da tsada. Sabuwar muƙala kan shiga cikin makonni, amma masu Google Scholar da kansu sun ce gyaran abin da ya riga ya shiga yakan ɗauki wata shida zuwa tara. Haka kuma idan shafi yana yawan mutuwa, na'urarsu ta zo ta tarar da shi a rufe sau da yawa, takan sauke muƙalun daga jerinta.

Me ya sa ƙ da ɗ da ɓ suke rikiɗewa su zama wasu alamomi?

Gadon tsofaffin salon haruffa ne irin su Rabi'at, waɗanda suka yi wa Hausa babbar hidima a zamanin da kwamfuta ba ta san haruffa masu lanƙwasa ba. Dabarar ita ce a ari maɓallin wata alama a zana mata siffar ƙ ko ɗ. A ido ƙasa ce, amma a cikin na'ura }asa ce; ɗaya kuma ]aya. Muddin fayil bai bar kwamfutar da ke da wannan salo ba, lafiya lau. Da zarar an kwafo take ko tsakure zuwa shafin intanet, sai asiri ya tonu, kuma wanda ya nemi kalmar ba zai same ta ba har abada.

Gyaran: a sharɗanta wa marubuta su yi amfani da haruffan Unicode, waɗanda madannin Hausa na waya da na kwamfuta ke fitarwa yanzu. Tsofaffin fayiloli a bi su da nema da musanyawa, harafi shida manya da ƙanana, amma da ido a buɗe, domin wasu alamomin baka ne na gaske a cikin misalan nahawu ko na furuci. Wajen tsara shafi, salon haruffa na Charis SIL da Doulos SIL suna ɗauke da haruffan duka har da alamomin karin sauti. Ga ajami akwai Alkalami, wanda aka zana bisa salon rubutun allo na yankin Kano. A kuma tabbatar an cusa salon harafin cikin fayil ɗin PDF lokacin fitar da shi.

Saura abu ɗaya. Yawancin masu nema ba sa rubuta lanƙwasa, kuma manhajojin bincike da dama ba sa ɗaukar k da ƙ a matsayin abu ɗaya. Kada a lalata take saboda haka. A bar shi bisa ƙa'idar rubutu, sai a ƙara siffar da ba lanƙwasa a cikin muhimman kalmomi. Haka ma 'y da muke rubutawa a Nijeriya da ƴ da ake rubutawa a Nijar.

Da Hausa za mu buga ko da Ingilishi?

Harshen da masu buƙatar binciken suke karantawa. Nazarin waƙar baka ko karin harshen Kananci da Hausa ya fi kaifi, kuma masu nemansa suna da yawa alhali abin da ke intanet kaɗan ne. Amma kowace muƙala ta zo da take da tsakure da muhimman kalmomi cikin harshe biyu, kowanne a nasa gurbin, ba a cusa su wuri ɗaya ba. Muƙalun Larabci da na Faransanci ma haka. Tsakure kalma 150 zuwa 250 ya isa, kuma ya faɗi abin da aka gano, ba "wannan muƙala za ta yi ƙoƙarin duba" kaza ba.

AJOL, DOAJ, Scopus: wanne za a fara nema?

AJOL, rumbun mujallun Afirka a intanet, ya fara aiki a 1998, yanzu daga Afirka ta Kudu ake tafiyar da shi, kuma mujallun Nijeriya ne suka fi yawa a cikinsa. Amfaninsa biyu ne: masu neman binciken Afirka can suke fara zuwa, sannan yana ajiye kwafin muƙalu ko da shafin mujalla ya sami matsala. DOAJ, wanda aka buɗe a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, jeri ne na mujallun da ake karantawa kyauta, kuma shiga ba kuɗi. Yana son mujalla ta buga aƙalla muƙalun bincike 5 a shekara, sabuwa kuma ta yi fiye da shekara tana fitowa ko ta tara muƙala 10. Sharaɗin da ya fi kayar da mujallun sashe shi ne na 'yan gida: muƙalun da edita ko ɗan kwamiti ko mai tantancewa yake cikin marubutansu kada su wuce kashi 25 cikin 100. Wanda aka ƙi ba ya sake nema nan take, sai bayan wani lokaci, don haka a karanta sharuɗɗan a gyara gida kafin a cike takarda.

Scopus, babban jerin mujallun ilimi na duniya, shi ne na ƙarshen nema. Yana neman tarihin fitowa ba yankewa, da take da tsakure na Ingilishi, da shaidar cewa ana kafa hujja da mujallar. A yi hattara da masu turo imel suna tallan wani "ma'aunin tasiri" a kan 'yan daloli. Liƙa irin wannan tambari a shafi yana zubar da mutuncin mujalla a idon waɗanda suka san abin.

Lambar DOI dole ce?

Ba dole ba ce kafin a fara, amma da wuri ya kamata a same ta. Adireshi ne na dindindin da ke bin muƙala ko an canza shafi. Ana samun ta ta hanyar Crossref, ƙungiyar da ke rajistar waɗannan lambobi. Jami'a na iya yin rajista ɗaya don mujallunta duka. Kurakurai biyu ake yi: buga lambar a kan muƙala ba tare da an yi mata rajista ba, sai a danna ta ce babu, da ƙaura zuwa sabon adireshi ba a sanar da Crossref ba.

Ina kuɗin zai fito, tunda karatu kyauta ne?

Abubuwan da ke cin kuɗi su ne sabunta adireshi da wurin ajiyar shafi duk shekara, DOI, mai tsara shafuka, mai gyaran harshe, da ɗan abin hasafi ga masu tantancewa. Hanyoyin samu: kasafin sashe ko tsangaya, tallafin buga mujallu na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ga makarantun gwamnati, kuɗin mambobin ƙungiya, ko kuɗin da marubuci ke biya. Na ƙarshen ba haramun ba ne, amma yana da tarko: idan mujalla tana rayuwa da shi kaɗai, kowace muƙala da aka ƙi asara ce, sai hannun edita ya fara rawa. A rubuta adadin a fili, a karɓa bayan an amince da muƙala, ta asusun hukuma, kuma wanda ke karɓar kuɗi kada ya zama shi ke yanke hukunci.

Shekara biyu ke nan ba wanda ya kafa hujja da mu. Mun gaza ne?

Ba lallai ba. Sanannen ma'aunin tasirin mujallu shekara biyu yake dubawa, kuma da fannonin kimiyya ya fi dacewa. A tarihi da adabi muƙala kan ɗauki shekaru kafin ta fara bayyana a manazarta, sannan ta daɗe ana komawa gare ta. Ƙari a kan haka, yawancin masu kafa hujja da mujallun Hausa a kundayen digiri suke yi, waɗanda da yawansu ba su hau intanet ba. Edita mai son sanin gaskiya ya shiga ɗakin ajiyar kundaye na sashe ya duba manazartar kundayen shekara biyun da suka wuce.

Tsofaffin fitowar takarda fa, a ɗora su?

Ƙwarai kuwa, kuma sau da yawa su ne ke jawo masu karatu fiye da sababbi. A nemi kwafi mai tsabta, a ɗauka da na'urar sikana a kan ɗigo 300 a kowane inci, ba da kyamarar waya a karkace ba. A raba muƙala-muƙala, a bi da manhajar da ke mai da hoto rubutu. Takan ɓata haruffa masu lanƙwasa, don haka take da sunan marubuci da tsakure da hannu za a buga su. A bar lambobin shafi na asali yadda suke, a sa shekarar asali. Sannan a duba wa ke da haƙƙin mallaka kafin a saki.

Me ya fi kashe mujallun intanet?

Ba rashin muƙalu ba ne. Mantuwa ce da canjin hannu. Wa'adin adireshi ya ƙare ba wanda ya tuna, wani ya saye shi ya cika da tallan caca. Edita ya tafi hutun sabati da kalmar sirri a kansa. An bar manhaja shekaru ba a sabunta ba, masu kutse suka shiga suka dasa mahaɗai. Rigakafin: mutum biyu aƙalla su riƙe mabuɗan shiga, a kuma ajiye su a rubuce a ofishin shugaban sashe, a biya adireshi na shekaru da dama lokaci guda, a sa ranar ƙarewarsa cikin takardar miƙa mulki, a riƙa kwafe rumbun bayanai da babban fayil ɗin muƙalu duka biyun duk wata, domin ɗaya ba ya aiki sai da ɗaya, a ajiye a wuri biyu dabam. Mujallar da ke kan OJS kuma tana da ISSN tana iya shiga rumbun adana na PKP kyauta, wanda ke riƙe kwafin kowace fitowa. Ana kunna shi ne daga saitin manhajar, sai manajan mujalla ya amince da sharuɗɗan, sannan a koma bayan 'yan kwanaki a tabbatar kowace fitowa ta nuna an karɓe ta.